Keken da ya girme mu

Waɗanda suka kama shirinmu na safiyar Asabar sun ji bakinmu ya suɓuce, mun ce akwai wani keke da ya hana mu barci sati biyu. Tun ranar saƙonni ke shigowa, wasu na dariya, wasu na tambaya: mi ya haɗa mai rediyo da keke? To ga labarin tun daga tushe, don minti ukun da ake ba mu tsakanin gaishe-gaishe da sanarwa ba su isa ba.

Ƙanenmu, autan Inna, ya ci BEPC bana, aka tura shi lise cikin gari. Daga gida, can bakin gari ta hanyar Dan Issa, kilomita bakwai ne. Kabu-kabu dala sittin zuwa, dala sittin dawowa. Ku lissafa da mu: sefa 600 a rana, kwana 22 a wata, jika 13 da ƴan kai kenan, ban da kuɗin karin kumallo da na littattafai. Aikin rediyo kuwa kun san shi, murya ta cika gari, aljihu bai cika tafin hannu ba. Muka zauna da Inna, muka yanke shawara a saya wa yaro keke kafin a koma lakwal. Ta kwance bakin zanenta ta ba da jika 15 daga kuɗin adashinta, mu kuma muka ce za mu cika.

Ranar Litinin muka shiga kasuwa, layin masu kekunan gwanjo na Turai, waɗanda har yanzu ake kira ƴan Kwatano, ko da yake tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 yawancin kaya ta Lome suke zagayowa, kuɗinsu ma ya hau. Mu idonmu na kan wani mai kauri, mai kwando a gaba. Yaro kuwa ya tsaya gaban wani fari siriri, kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, da hoton zaki a goshinsa. Peugeot, wanda mu nan muke cewa Fijo. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya, ya dube mu, bai ce komai ba. Mai kaya ya matso ya ce wannan irin na Tour de France ne, bai wuce shekara biyar da ƙerawa ba, taya kawai yake so. Ya sa jika 60, muka taya 30, aka daidaita a 42. Muka turo shi gida muna jin mun yi ciniki.

Ɓarnar farko mu muka yi ta da hannunmu. Tayoyin sun bushe sun tsattsage, amma a gefen ɗaya mun iya karanta 28 cikin wasu lambobi da suka shafe. Muka koma kasuwa muka ce a ba mu taya 28. Da muka zo sakawa, sai ta rufta kan janti kamar an sa wa yaro babbar rigar ubansa. Muka juya, muka matsa, ta ƙi zama. Muka aje ta muka koma kan feda, don ta dama tana rawa. Mun sayo sababbi guda biyu. Sabuwar ta shiga zagaye ɗaya da rabi ta cije. Muka ce tsatsa ce, muka zura bututun ƙarfe a sifana muka danna da ƙarfi. Sai wani farin gari mai ƙyalli ya fara zubowa ƙasa. Yaro ya riƙe mana hannu ya ce, "Yaya, don Allah tsaya, cinye shi muke yi." Allah ya sa muka ji maganarsa.

Washegari muka tura keken wajen wani dattijo da ke gyara ƙarƙashin bedi, kusa da tsohuwar unguwarmu. Shi ya yi mana facin farko muna ƴan firamare. Yanzu yawancin aikinsa tayar kura ce da kekunan yara, samari duk sun koma gyaran moto. Ya kifa keken bisa sirdi da kai, ya leƙa ramin feda, ya sa ɗan yatsa ya fito da garin nan.

"Mai rediyo, wa ya yi wa kekenga haka?"

"Mu ne, Baba."

"To gara da kunka tsaya. Shekara nawa anka ce muku?"

"Biyar."

Ya yi dariya har ya aje sifana. "Ɗana, kekenga zamanin Kunce anka ƙera shi. Ya girme ka."

Maganar ta tsaya mana a wuya. Seyni Kountché ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987. In gaskiyar Baba ce, mun zuba jika 42, har da adashin Inna, a kan ƙarfen da ya kai shekara arba'in. Ba mu yi masa gardama ba, don ba a yi wa babba gardama a bakin aikinsa, amma a zuci mun ce tsoho ne, komi ya gani sai ya tuna masa da ƙuruciyarsa.

Daren nan muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, fitilar salula a baki, muna laluben rubutu a jikin keke. Ɗan Faransancin da muka kwaso a lise ya yi rana, don masu sha'awar tsofaffin kekuna sun rubuta abubuwa da yawa a intanet. Abin da muka fara koya shi ne, masu ƙera kayan keke da dama suna buga ranar ƙira a jikin ƙarfe, a wurin da ido bai cika kaiwa ba. A bayan abin canza gudu na baya, wanda masu gyara ke kira derayer, muka ga sunan Shimano, kamfanin Japan, da ƙananan haruffa biyu: TD. Tsarinsu mai sauƙi ne. Harafin farko shekara, na biyu wata, A Janairu har zuwa L Disamba. Muka ƙirga da yatsu daga A a 2002, T ta faɗo kan 2021. Afrilun 2021! Muka tashi yaro daga barci muka ce masa mai kaya bai yi ƙarya ba.

Da safe muka isa gindin bedi da ƙarfin gwiwa. Baba ya saurare mu har muka gama, sannan ya nuna mana ƴan sandunan canza gudu biyu da ke jikin bututun ƙasa, da derayer na gaba. Duka an rubuta Simplex, kamfanin Faransa na garin Dijon. Ya koma kan na baya ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Wanga baƙo ne. Nashi na asali ya mutu, wani ya sa mashi wanga. In ka ga tsoho da sabon takalmi, takalmin za ka tambaya shekarun tsohon?"

Kunya ta kama mu, don a gidan rediyo abin da aka fara koya mana kenan: kada ka watsa labari da majiya guda. Muka sake duba lissafinmu a nan tsugune, sai muka ga wani rami da muka tsallake da dare saboda zumuɗi. Haruffan 26 ne, in sun ƙare sai a sake daga farko. Zagayen farko ya soma da A a 1976 ya ƙare da Z a 2001. Kenan T tana iya zama 2021, tana iya zama 1995. Ƴan ƙananan ƙafafun derayer ɗin kuwa haƙoransu sun cinye sun yi tsini kamar ƙaya. Ko baƙon ma ba yaro ba ne.

Baba ya miƙo mana gwangwanin kananzir da tsohon buroshin haƙori, ya ce mu nemi ƴan gida, wato kayan da tare suka fito da keken daga masana'anta. Mu da yaro muka duƙufa. A cibiyar ƙafar gaba, ƙarƙashin baƙin datti da ya daskare, sunan Maillard ya fito, kusa da shi 41 82. Su sati da shekara suke bugawa: sati na 41 na 1982, tsakiyar Oktoba kenan. A jikin janti, dab da ramin bawul, aka rubuta Rigida, da wani ɗan zane mai kusurwa huɗu, 82 a cikinsa. A bututun da ke ƙarƙashin sirdi akwai guntun tambari da rana ta cinye rabinsa, amma ana iya karanta Carbolite 103, sunan da Peugeot ta riƙa sa wa ƙarfen kekunanta na talakawa a farkon shekarun 1980. Na ƙarshe shi ne lambar jikin keken kanta, a ƙasa, inda sandar feda ke ratsawa. A kekunan Peugeot na waɗannan shekaru, lambar na farawa da harafi, sai lamba ɗaya ta shekara, sai biyu na wata. Tamu ta fara da Y, sai 3, sai 02.

Ita kaɗai 3 ɗin nan ba ta raba gardama, don 1983 da 1993 duk da 3 suka ƙare. Amma ba a ajiye cibiya da janti shekara goma sha ɗaya a masana'anta suna jiran jiki. Kaya su ake fara ƙerawa, bayan ƴan watanni a haɗa su. Oktoban 1982 da Fabrairun 1983 sun zauna daidai. Siffar keken ma ta ba da tata shaidar. Sandunan canza gudu ba sa ƙara, sai dai ka ja a hankali har sarƙa ta zauna, alhali masu yin ƙas-ƙas sun fara yaɗuwa ne bayan da Shimano ta fito da nata a 1984, waɗanda ke haɗe da hannun birki kuma sai 1990. Wayoyin birki sun fito ta saman hannu sun yi baka a iska, yayin da na baya-bayan nan a ɓoye suke ƙarƙashin naɗin kai. Faifan haƙora shida ne a baya, tazarar da ƙafar baya ke shiga kuma milimita 126. Masu biyar 120 ne, masu takwas zuwa sama 130.

Fabrairun 1983. Ba a ma ɗaura auren Inna ba a lokacin. Baba bai duba salula ba, bai karanta Faransanci ba, ya jefa cikin zamanin daidai. Maganar Tour de France kuwa, gaskiya ne Bernard Thévenet ya ci tseren a 1975 da 1977 bisa Peugeot, kamfanin da ya fara ƙera keke a 1882. Amma kekunan ƴan tsere da wani ƙarfe mai tsada ake yinsu, irin Reynolds 531 na Ingila. Namu na ɗan makaranta ne da ma'aikaci. Zakin dai ɗaya ne.

Muka miƙe muka ce za mu mayar wa mai kaya abinsa. Baba ya ce mu zauna tukuna, a ga ko ƙashin na da lafiya, don shi ne keke, sauran duk tufafi ne. Ya ɗaura zare a ƙarshen jikin ta baya, ya zagayo da shi ta wuya, ya mayar ɗaya gefen, ya gwada tazarar zaren da bututun sirdi dama da hagu. Daidai suke, jikin bai karkace ba. Ya shafa ƙarƙashin bututu biyun da ke bayan wuya da tafin yatsa, ido rufe. Ya ce keken da ya taɓa karo da mota ko bango, nan yake yin ƙunci, fenti ya tattare, ko an sake fenti yatsa zai ji. Babu komi. Ya hango ƙafafun gaba daga gefe, ba su koma baya ba. Ya ƙwanƙwasa bututun ƙasa da sifana yana saurare, ya ce tsatsar ta waje ce. Sannan ya ce, "In kun mai da shi, ni ku saida mani."

Nan ne muka fahimci amfanin duk wannan ƙirga, don da farko mun ɗauka neman hujjar faɗa da mai kaya muke yi. Har zuwa farkon shekarun 1980, Faransa da nata awon take ƙera keke, daban da na Ingila wanda Japan da Sin suka bi, wanda kuma shi ne ya cika kasuwanninmu. Bambancin ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa, sai ƙarfe ya ci ƙarfe ake ji. Kusar fedar Faransa milimita 14 ce, ta kasuwa kuwa ta ɗara da kusan kashi uku cikin goma na milimita. Shi ya sa tamu ta shiga zagaye ɗaya da rabi ta cije, muka bi ta da bututu. A bakin tsofaffin fedojin ma an buga D da G, dama da hagu da Faransanci. Mun gan su tun ranar farko, ba mu tambayi kanmu komi ba.

Ga yadda Baba ya ceci ramin da muka ɓata. Ya ɗauki tsohuwar fedar, ya shafa mata giris, ya murɗa ta ta bayan sanda, ta gefen da zaren bai lalace ba, a hankali, gaba kaɗan baya kaɗan, har ta ɓullo ta gaba ta gyara hanyar. Zare biyu muka kashe, sauran sun isa su riƙe. Rawar da fedar ke yi kuwa boris ne suka cinye a ciki. Ya buɗe ta, ya zuba sababbi, ta daina. Sababbin fedojinmu na jika biyu suna nan cikin akwati, duk mai so ya yi magana.

Wajen sandar feda, inda muke jin ƙurum-ƙurum in an juya, ya buɗe gefen hagu kaɗai. Muka ce ba za a kwance na dama ba? Ya ce a kekunan kasuwa, murfin gefen sarƙa a juye yake kwancewa, a tsofaffin na Faransa kuma kamar kowane noti. Daga abin da muka karanta muka ƙara masa cewa a daidai waɗannan shekaru akwai ma na uku, awon Faransa amma zaren a juye, wanda ake kira na Suwis. Ya ce to ka gani, abu uku, in ka murɗa ta inda ba nan ba da ƙarfin saurayi, ka kashe jikin gaba ɗaya, kuma babu mai sayar da irinsa daga nan har Kano. Ya bar murfin a wurinsa, ya wanke shi ta ciki da tsumma a bakin sanda, ya jera boris sababbi goma sha ɗaya kowane gefe cikin giris. Su dai boris ɗin irin na manyan kekunanmu ne, ko'ina akwai.

Taya kuma ashe 28 iri biyu ce. Ta baƙin keken nan na masu madara da malaman karkara, faɗin bakinta milimita 635. Ta keken tsere, wadda Faransawa ke kira 700C, 622 ce, amma ita ma wasu masana'antu 28 suke rubuta mata. Milimita 13 ke tsakani, shi ya sa tamu ta rufta. Abin da za ku nema a gefen taya shi ne lambobi biyu da ɗan layi a tsakani, kamar 28-622: ta farko kaurin taya, ta biyu ita ce ta janti. Ta kekunan duwatsu da suka yi yawa yanzu 559 ce. Sai da muka yi kwana huɗu kafin wani mai shago ya samo mana 622 guda biyu, muka zaɓi mafi kaurin da zai wuce tsakanin ƙarafa, saboda hanyoyinmu. Mai tayar farko ya karɓi abarsa bayan doguwar magiya. Sarƙa ma haka: ta babban keke ta yi faɗi, ba ta shiga tsakanin faifai shida, sai siririya. Tsohuwar mun auna ta, gaɓa 12 cikakku ya kamata su ba da santimita 30 da rabi, tamu ta wuce da fiye da milimita uku. Ta gama aikinta.

Abin da ya sa muka zauna rubuta wannan dogon bayani ya faru ne a rana ta biyar. An sa taya, an sa sarƙa, an canza wayoyin birki da robobinsu da suka bushe kamar dutse. Yaro na ta zagaye bedi yana jiran a ce hau. Mu ma mun ce ai an gama. Baba ya ce saura wuya. Ya kwance ƙarfen da ke riƙe da kan keke, ya zaro shi daga cikin jiki, ya wanke da kananzir, ya goge, ya kai shi rana yana juyawa. Ya kira mu. Daga ƙarshen tsagar da ke ƙasan ƙarfen, wani layi siriri kamar gashi ya hau sama ya fara zagayawa. Ya matsa da yatsu biyu, layin ya buɗe baki kaɗan ya rufe.

"Sanholo ne," in ji shi. "Baƙin ƙarfe in ya gaji lanƙwasa yakan yi, ya ba ka labari. Wanga ba ya sallama. Rana guda yaro na bisa kwalta, ya ja birki, kai ya rabu da keke."

Muka tuna hanyar da yaron zai bi kowace safiya, da tirelolin da ke fitowa daga Dan Issa, da yadda suke matse mai keke zuwa bakin kwalta. Jikinmu ya yi sanyi. Muka tambayi Baba yadda aka yi ya san zai duba nan, tunda daga waje ba a ganin komi. Ya ce keken shekara biyar ba ya buɗe wa wuya, ɓata lokaci ne. Na shekara arba'in kuwa ba ya barin ɗan kowa ya hau sai ya gani da idonsa. Da mun tsaya kan maganar mai kaya, ko kan TD ɗinmu ta tsakar dare, da taya kawai za mu canza mu miƙa wa autan Inna.

Sabon wuya na kasuwa bai shiga ba, don shi 22,2 ne, ramin namu 22 cif. Baba ya shiga ɗan ɗakinsa na langa-langa ya jawo wani buhu, ya zazzage shi ƙasa. Tarkacen kekunan da suka mutu tun muna yara. Ya tona ya fito da wuyan wani keken Faransa, ya wanke shi, ya duba shi a rana kamar na farko, ya zura, ya zauna kamar don shi aka yi. Ya nuna wa yaro layin da aka zana a jikinsa, ya ce ko ya ƙara tsawo kada ya kuskura ya ɗaga kai har layin nan ya fito waje. Muka tambayi kuɗinsa, ya ce shekara ashirin yana ajiye da shi bai san wa yake jira ba, ba na sayarwa ba ne.

Ga lissafi, don mun san akwai masu jiran sa. Taya biyu jika 9, shambur biyu jika 3, sarƙa jika 2 da rabi, wayoyi da robobin birki jika 1 da rabi, boris da giris dala ɗari, aikin Baba jika 2 da rabi, shi ma sai da muka matsa. Jika 19 kenan. A haɗa da 42 na saye da 2 na fedojin da muka yi asara, 63. Kuɗin kabu-kabu na wata biyar bai cika ba keken ya biya kansa.

Mun koma wajen mai kaya, ba da faɗa ba. Muka nuna masa hoton lambobin da na tsagaggen wuyan. Ya daɗe yana kallo, ya ce shi a dunƙule yake sayen kaya, bai taɓa kifa keke ya karanta ƙasansa ba, kuma in ya ce wa mutum arba'in wa zai saya? Bai mayar mana da ko dala ba. Ya dai shiga ciki ya ɗauko wani tsohon famfo da ya dace da siririn bawul ɗin keken, wanda famfon masu faci ba ya kamawa, ya ba yaro. Muka karɓa. Abin da muka roƙe shi ɗaya ne, duk wanda ya sayi irin wannan don ɗansa, ya ce masa ya kai a buɗe wuya.

Kada mu yi muku irin tasa, keken na da aibinsa. Jantinsa baƙin ƙarfe ne mai ƙyalli, mun gwada da maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo ya manne, kuma irin wannan in ruwa ya jiƙa shi birki ba ya kamawa da wuri. Mun gaya wa yaro ranar da aka yi ruwa ya sassauta, ya fara jan birki tun daga nesa. Siririyar taya ba ta son rairayi, daga bakin kwalta zuwa ƙofar gida turawa yake yi. Tsidau kuma ya riga ya huda shi sau biyu. Sarƙa ba a zuba mata baƙin man mota, don ƙura take tarawa ta zama kamar takardar goge ƙarfe: ɗigo kaɗan na mai mai tsabta, a share da tsumma.

Ku da za ku shiga kasuwa neman irinsa, ku tafi da tsumma da fitila. Ku kifa keken ku karanta ƙasansa, ku goge cibiya da janti, ku nemi shaida uku da bakinsu ya zo ɗaya, kuma ku lura da wanda baƙo ne a cikinsu. Ku karanta lambar taya kafin ku biya, ku tambaya ko ana samunta a garinku. Duk abin da ya shiga zagaye ɗaya ya cije, ku aje sifana. Sannan ku nemi tsohon mai gyara na unguwarku tun yana nan. Namu ba shi da yaron aiki ko ɗaya, buhun nan kuma in ba shi babu wanda ya san abin da ke ciki.

Yau sati uku kenan da komawa lakwal. Yaro na fita bakwai saura kwata, yana isa kafin a buga ƙararrawa. Ƴan ajinsu sun sa wa keken suna Kaka. Ranar Asabar da hantsi, in mun fito daga situdiyo, gindin bedi muke iske shi, hannu baƙi ƙirin, Baba na koya masa ɗaure wayoyin ƙafa. Inna ta tambaye mu shekaranjiya ko gaskiya ne keken ya girme mu. Muka ce gaskiya ne. Ta ce to mu riƙa gaishe shi da safe.

Muna gaida duk masu gyaran keke na Maradi, Tasawa, Gidan Rumji, Madawa, Konni da Mirya, da ƴan makarantar da ke taka feda kowace safiya. Allah ya tsare hanya. Sai mun haɗu a shirin Asabar, in Allah ya kai mu.